Ranar da Wendell Ya Ƙaunaci Doka

"Ba takarda, ba bindiga."

"Wendell, ni ne fa, Royce! Benci ɗaya muka zauna a makarantar Lahadi!"

"Ko ciki ɗaya muka fito. Je ka ofishin 'yan sanda sherif ya sa maka hannu, ka dawo."

Maybelle ta ajiye tsumman da take goge gilashin kantar shagon, ta dubi ƙanenta sama da ƙasa. Tun da ubansu ya rasu ya bar musu shagon bindigogin nan, ba ta taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa ba. Wendell ne fa. Shi ya kafa allo a ƙofa mai cewa Annabi Dauda bai nemi izinin sherif ba kafin ya ɗauki majajjawa. Shi ya cika mota da mutane zuwa Raleigh, babban birnin jiharsu, ya yi ta ihu a gaban majalisa kan a soke dokar izinin sayen ƙaramar bindiga, har muryarsa ta dishe. Maybelle ta haddace shi tsaf. A kicin ɗin coci takan soka babban yatsa a ɗamara, ta turo ciki, ta ce, "Abin da namiji zai yi da bindigarsa, tsakaninsa da Mahaliccinsa ne!" Mata su yi ta dariya har da hawaye.

Yau ga shi tsaye ƙiƙam bayan kanta tun da aka buɗe shago, yana wa'azin bin doka.

Damuwar Royce ba ɓoyayyiya ba ce, da bakinsa ya zazzage ta a gaban tsofaffin da ke zuwa shan kofin kyauta. Direban babbar mota ne. Jiya da la'asar ya dawo daga Tennessee ba a yi tsammaninsa ba. Yana shiga ta ƙofar gaba, wani ƙato na fita ta baya. Bai ga fuska ba, sai ƙura, da karensa a guje yana bin mutumin, da wani abu mai nauyi da ya faɗa bayan shinge. Matarsa Charlene ta ce mai gyaran famfo ne. Famfon gidan kuwa lafiyarsa ƙalau.

Royce ya kwana yana tunani, ya wayi gari da suna ɗaya: Lonnie, mataimakin sherif, wanda motarsa ta cika tsayawa a layinsu. Lonnie kuma shi ne ke zaune a tagar da ake neman izinin.

"Wato in je in roƙi Lonnie izinin harbin Lonnie?"

Wani tsoho ya ƙware da kofi.

Ita Maybelle ba ta da niyyar barin ko bindigar wasan yara ta fita da mai jajayen idanu irin waɗannan. Da ita ce, kai tsaye za ta ce masa ya je ya yi barci. Amma ta bar Wendell da shi, tana so ta ga iyakar zakaran nata. Ta riga ta gano shi: duk carar nan ta kan juji ce. Daga jin an ambaci mai kaki, sai ya ja da baya.

"To, ba ni doguwa ta farauta," in ji Royce. "Ita ba ruwanta da takarda. Kai ka koya mana."

"An canza."

"Yaushe?"

"Jiya."

"Ni ban ji a rediyo ba," in ji Baba Hoyt, babban tsofaffin.

"Baba, kai me kake ji?"

"Harsashi fa?" Royce ya tambaya. "Surukina na da bindiga."

"Sun ƙare."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi akwatunan harsashi da ke jibge a bayan Wendell har rufi. Wendell bai waiwaya ba. Gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, ya dafe kantar da hannu biyu, ya shiga bayani. Wai masu doka ba mahaukata ba ne. Wai jiran da ake sa mutum don zuciya ta huce ne. Wai ran ɗan Adam ba na barewa ba ne, kuma ko wane ne mutumin nan, shi ma ɗan wani ne. Har da ba Royce shawarar ya je ya ga fasto. Wendell, wanda rabonsa da coci tun jana'izar uwarsu!

Royce ya daɗe yana kallonsa. Ya tsartar da yawu a ƙasa.

"Ashe kai ma nasu ne. To, riƙe kayanka. Ina da ƙarfen kwance taya, shi ba ya neman sa hannun kowa."

Ya buga ƙofa har ƙararrawar da ke jikinta ta faɗo. Ta taga suka ga ya finciko allon Annabi Dauda ya jefa a kwata.

Maybelle ta ɗaga waya ta shaida wa ofishin sherif cewa Lonnie ya yi nesa da gari yau. Da ta ajiye, tsofaffin na nan suna kallon Wendell kamar an kama shi sanye da rigar matarsa. Baba Hoyt ya cire bajon ƙungiyar 'yancin bindiga daga hularsa, ya ɗora a kan kantar, ya tura wa Wendell da yatsa ɗaya.

"Sannu, jarumi," in ji Maybelle, ta soka yatsa a ɗamara, ta turo ciki. "Tsakaninsa da Mahaliccinsa, ko? Lonnie ma da ko ƙuda bai taɓa kamawa ba, shi ya sa ka wannan rawar jiki?" Ta shuro masa doguwar kujerarsa da ƙafa. "Zauna kafin ka faɗi, ka ƙara ba mu kunya."

Wendell ya dubi kujerar. Ya kai hannu baya a hankali, ya taɓa mazaunansa, ya runtse ido.

"Yaya, wai shi karen nan na Royce, ana yi masa allurar rigakafin hauka kuwa?"