Mai lambu da gaɓar rafi

Ka ce kai dai kaya su iso ƙofar gidanka, inda aka ɗebo su ba ruwanka. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mutum da ya ƙarar da ƙarfinsa a gidajen haya, bana wannan unguwa baɗi waccan, ko zogale bai taɓa kafawa ya ga girmansa ba. Sai da furfura ta cika masa kai, ya ajiye aiki, sannan Allah ya hore masa fili a bayan gari ya yi ɗan gini. Unguwar a gangare take, rafi ya bi ta bayanta, gaɓa mai tudu ce kawai ta shiga tsakaninsu. Burinsa bai wuce ya buɗe ƙofar ɗaki da safe ya ga kore a tsakar gidansa ba. Amma filin marmara ne da tsakuwa, in ya kafta fartanya sai ta yi tsalle ta dawo masa. Matarsa ta ce shekaru sun ja, alayyafo kuma bai ƙare a kasuwa ba, ya bari ya huta. Bai bari ba. Ya nemi wani direban tifa ya ce a kawo masa baƙar ƙasa, aka kuwa kawo, mai laushi, mai ƙanshin ruwan farko, har da tana a ciki. Mota ba ta shiga lungunsu, saboda haka a bakin hanya aka juye. Shi ya dinga turo ta da baro, ya tura ya tsaya ya dafe ƙugu, ya sake turawa, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ya ja kunyoyi jikin katanga, ya zuba alayyafo da yakuwa, ya dasa tumatir da attarugu. Shuka ta yi kyau har maƙwabta suka fara leƙowa, duk wanda ya tambaya kuma ya haɗa shi da direban. Kafin rani ya fita, babu lungun da ba a ga tsibin baƙar ƙasa a bakinsa ba.

Abu ɗaya ne ya riƙa sosa masa rai. In tifa ta juye ta tafi, kafin gumin jikinsa ya bushe ta dawo da wata. Matarsa ma ta lura, ta ce, “Malam, ƙasar nan fa ba daga nesa ake kawo ta ba.” Ya yi kamar bai ji ba. Ran nan yana dawowa daga jana'iza ya yanke ta bakin rafi, sai ya ga abin da yake gudun gani. An ƙwaƙule gaɓar ta ciki kamar an fafe ƙwarya, saiwoyin mangwaro na reto a fili, ga sawun taya ya miƙe har hanyar unguwarsu. Ya tsaya yana kallon ɓarnar. Ya san ya kamata ya tara mutane, ya san za a yi ta ka-ce-na-ce da masu mota, shi kuwa ya gaji da rigimar duniya. Sai ya ce wa zuciyarsa ai ba shi ke haƙa ba, in bai saya ba wani zai saya, kuma saura kusurwa ɗaya a gidan da yake son dasa gwaiba. Washegari ya aika a ƙaro masa.

Da damina ta yi tsakiya aka wuni ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Bayan la'asar rafi ya cika, ya nemi inda gaɓa ta yi sirara ya ɓalle ta nan. Ruwa ya biyo gangare ya shiga lungu, ya kwantar da katangar mutumin a kan kunyoyinsa, ya wuce har uwar ɗaka. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma da ruwa ya janye, ba alayyafo ba gwaiba, tsakar gida ta koma jar marmara kamar ba a taɓa shuka komai ba, ƙasar kuwa ta taru a cikin ɗakuna ta zama taɓo, ta haɗiye tabarmi da buhun hatsi. Babu maƙwabcin da ya nuna masa yatsa, don kowa ya saya, kowa yana fama da nasa. Ya ɗauko shebur ya fara kwashewa. Bayansa ba ya miƙewa sosai yanzu, sai ya cika rabin baro ya tura waje, ya dawo ya zauna a dokin ƙofa yana mayar da numfashi. Matarsa ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta miƙo masa ruwa a moɗa, ta naɗe zaninta, ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗaya ɗakin. Ya bi ta da kallo, ga tsufa ga taɓo har idon sawu, wannan ya fi faɗuwar katangar ƙona masa rai.

To ka ji. Abin da kake cewa ba ruwanka da tushensa, wata rana ruwa ne zai biyo sawunsa har ɗakinka. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.