Hannuna a Ƙirjin Baba

Shekarar da Nasara suka sallami Baba daga sojan raƙumi, ya dawo garkarmu a gindin duwatsun Ayar ba tabo ko ɗaya a jikinsa. Maƙwabta suka ce korar sa aka yi. Inna ma ba ta san dalili ba.

Wata la'asar muna ba albasa ruwa, yana bin takarkarin da ke ja mana guga, sai ya saki igiya ya zauna cikin laka. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Zuciyar tana gudu, ta tsaya, ta sake gudu.

"Kin ji ta? Lokotoron bariki da ya auna ni a asibiti ya ce ta gaji. Kada innarki ta ji, za ta hana ni rijiya."

Na ce, "To ka bar rijiyar mana!"

Ya yi dariya. "Uwata, albasa ta san lokotoro?"

Ya miƙe ya ɗauki igiyarsa.

Ban faɗa wa kowa ba. Kafin sanyi ya fita aka ɗauko gawarsa daga garkar a kafaɗa.

Yau ina Arlit, na yi karatun boko a lakwal, na san sunan ciwon da Faransanci. Har yanzu haushinsa nake ji. Wa ke ɗora wa ƙaramar yarinya irin wannan kaya?