Wanda Aka Bar wa Tsaron Baya

"Ɗanɗano ne, ba sha ba," in ji Lubosh, yana ba tayar kekensa iska.

"Haka kake cewa kullum," matarsa Kveta ta amsa daga bakin ƙofa. "Ɗanɗano nan, ɗanɗano can, ka dawo min kana wari kamar an wanke tanki da kai."

Tun da suka tashi suke wannan musun. Asabar ce, ranar da ƙungiyarsu ta mahaya keke ke zaga ƙananan gidajen dafa giya na ƙauyukan bakin tafki, suna ɗanɗana abin da kowane gida ya dafa. Ta saba da wannan. Abin da ya hana ta sukuni shi ne mahaifinta, tsoho Bohumil, ya kafe sai ya bi su, shi da ya haura saba'in, ga hawan jini. Ta yi ta yi da shi, ya ce ya riga ta sanin ƙafafunsa.

Doka ɗaya ce da ƙungiyar. A kowace fita akwai mai tsaron baya. Ba ya taɓa giya, jan lemo ne rabonsa, kuma ba ya wuce kowa a hanya. In taya ta fashe ko wani ya gaza, shi zai tarar da shi. Wannan makon abin ya faɗo kan Lubosh.

Ya tuna mata da haka, a fusace. Ta nuna masa mahaifinta.

"To, ga Baba nan. Amana."

A gida na farko Lubosh ya sha lemonsa. A na biyu ma haka, da cuku mai yaji da albasa, yana kallon kumfa a gashin bakin mutane. Ransa a ɓace. Sai ka ce an kai yaro biki an hana shi rawa.

Gida na uku tsohon rumbu ne da wani ƙato mai suna Hinek ya mayar wurin dafa giya. Ranar ya buɗe sabon tanki na baƙar giya, ya riƙa tsiyayo wa baƙi da hannunsa. A ƙauyukan nan namu, ƙin karɓar irin wannan daidai yake da ce wa mutum girkinsa ba ya ciyuwa.

Lubosh ya girgiza kai. Hinek ya ɓata fuska, bai janye kofin ba.

"Ƙyale shi," in ji Jindra mai gyaran famfo, babban ɗan tsokanar ƙungiyar. "Kveta ta ɗaure masa maƙogwaro da igiyar shanya."

Aka fashe da dariya. Wani ya tambaya ko a kawo masa madara. Har tsoho Bohumil ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Jiƙa leɓe kawai, ɗana. Ba zan kai ƙara ba."

Ya karɓa.

Kowa a nan ya san muddin ba ka rufe bakin kofinka da faifan takardar da ake ɗora shi a kai ba, za a ci gaba da cika maka ba tare da tambaya ba. Faifan na gabansa. Bai taɓa shi ba.

Da rana ta yi sanyi suka kamo hanyar gida ta kan gaɓar tafki. Jindra ya ce a ga wanda zai riga kaiwa gada. Jikin Lubosh ya yi sakayau, ƙafafunsa kamar ba nasa ba. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. Ya wuce tsohon, wanda ke taka keken a hankali da bakinsa a buɗe. Shi ya riga kowa kaiwa gada. Aka yi masa tafi.

A bakin gari aka watse. Kowa ya ɗauka tsohon na tare da wani.

Da waƙa Lubosh ya shiga gida. Kveta ba ta dube shi ba, titin da ke bayansa ta duba. Ba kowa. Ta ɗauki makullin mota.

A gangaren gaɓa suka sami tsohon, cikin ciyawar ruwa, keken a kansa, bakinsa ya karkace. Wayarsa na cikin jakar keken, inda hannunsa bai kai ba. Likita ya ce jijiya ce ta toshe a kansa, kuma da an kawo shi da wuri da an ceci ɓarin jikinsa. Ba a kawo shi da wuri ba.

Yanzu gadon Bohumil na falo. Ɓarinsa na dama ya mutu. Kveta ta ajiye aikinta na gidan burodi don jinya. Ta daina faɗa da Lubosh, sai dai ta miƙa masa tawul ta wuce. Ya gwammace faɗan. 'Yan ƙungiya sun zo sau ɗaya da furanni, Jindra ya ce ƙaddara ce, suka tafi. Asabar mai zuwa suka sake fita.

Mai karatu, babu ƙaramin kofi ga wanda aka ba amana. Dariyar abokai a kan tebur take ƙarewa, ɓarnar kuwa kai kaɗai take biyowa gida.

Sai da sanyi ya shigo maganar tsohon ta fara dawowa, da ƙyar, a tauye. Wata safiya Lubosh na sauya masa riga, Kveta na tsaye da kwanon ruwa, sai tsohon ya riƙe wuyan hannun surukinsa da hannun da ya rage masa.

"Ɗana, na yi ta kiran sunanka. Ina ka je?"