Goyon Inna

Ana fita da gawar Inna, Illa ya ɓarke da kuka. Shekararsa biyu, bai san wani baya ba sai na kakar nan tasa.

Matan garin Kalfu suka yi ta karɓarsa hannu-hannu, ya ƙi kowa. Aka dangwara wa Haula shi, tana zaune idonta a bushe. Ya dube ta, ya banƙare, yana miƙa hannu wajen tabarmar Inna.

Wata baƙuwa ta ce, "Baiwar Allah, bai san ki ba. Miƙa shi ga uwarshi."

"Ai ita ce," in ji wata tsohuwa, tana yabo. "Ɗan fari ne. Yarinya mai kunya, ko nono kai a kauce ta ba shi."

Haula ta sunkuyar da kai, yadda aka koya mata.