Sunan da Tabawa Ta Ba Wayarta

Tunda asibitoci suka hana dangi jinya, imel kawai suke turowa. Wanda danginsa ba su amsa ba cikin kwana uku, sai a cire masa injin numfashi.

Ɗan Tabawa na kwance a asibiti, sati guda wayarta shiru. Ta garzaya wurin Nafi'u mai gyaran waya.

"Inna, kin umarce ta ta yi ƙara in saƙo na ɗauke da sunan ɗanki, sauran ta zuba shara. Wane suna kika ba ta?"

"Magaji mana."

"A katin asibiti fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta Mudassir ba.

Nafi'u ya buɗe sharar, ya ga saƙon asibiti tun na kwana shida, sannan ya karanta na ƙarshe, na shekaranjiya. Ya miƙe a hankali.

"Inna, ga kujera. Zauna tukuna."