Keken Koyon Tafiya

Maiwada kafinta ya ajiye ɗan keken katako mai ƙafa uku a zauren gidan su Atika, bazawarar da yake nema a Gazara.

"Na yaron ne," in ji shi. "Ya riƙa turawa. Da ya yi ƙafa ki yaye shi, a sa mana rana."

Atika ba ta taɓa keken ba. Sai ta ƙara tamke majanyin da ta goya ɗanta da shi.

"Malam Maiwada, ka san ranar da na yaye shi ubansa zai aiko daga Taba a ɗauke shi?"

"Na sani, amma..."

"Ni kullum addu'ata kada ya yi saurin tafiya." Ta sunkuyar da kai. "Ubansa ya nemi in koma ɗakina. Na amsa."

Yaron ya miƙo hannu ta bayanta yana dariya, yana son keken.

Maiwada ya daɗe yana kallonsa. "To, ki tafi masa da shi."

"A'a, koma da abinka. In yana tura shi a tsakar gidan can, duk ƙarar da keken ya yi, kai zan riƙa ji a raina."