Ƙafafun Gado

Tala ta tako tun daga ƙauyensu har Cadawa don ta ƙara ganin mijinta Gado. Bara, shekarar mulkin kai, wani ɗan lakol, wato ɗan boko, ya ɗauki kokawarsa a majigi. Kafin damina zazzaɓi ya tafi da Gado.

Aka haska bango. Babu fuska ko ɗaya, sai ƙafafu suna juyi cikin rairayi.

"Motsi kawai na ɗauka," in ji ɗan lakol.

Wan Gado ya miƙe. "Tashi mu tafi, ƙanwata. Ba ya ciki."

"Ga shi can, yaya, mai jan ta hagu."

Wata bakwai suka yi da aure, kunya ba ta bar ta ta ɗaga kai ta dube shi ba. Ƙafafun nan kaɗai ta sani.